Yadda Ake Ɓatar da Mataimakin Gwamna Daga Talabijin

Idan kai ɗan jarida ne a gidan talabijin na jiha, kuma Allah ya ɗaga ka har aka tura ka Gidan Gwamnati kana ɗauko rahoto, to samu wuri ka zauna ka karanta wannan a hankali, ba sauri muke yi ba. Wata rana Gwamna zai ɓata da Mataimakinsa. Ba fata nake yi ba, haka abin yake zuwa, kamar damina. Ranar da hakan ta faru aikinka ya koma guda ɗaya: mutumin nan ya daina fitowa a talabijin, alhali yana nan da ransa, yana zuwa kowane taro, yana tsaye a kafaɗar Gwamna ta dama inda tsari ya ajiye shi.

Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ko uwar da ta haife shi sai ta neme shi a labaran ƙarfe bakwai ta rasa. Ba da ka nake faɗa ba. An gwada a gidan talabijin ɗinmu, ya kuma yi aiki har ya wuce yadda aka so. Wanda ya gwada shi ne Dotun Fatoki, wakilinmu a Gidan Gwamnati, kuma da shi za mu riƙa misali, don a wannan fanni ban san wanda ya kamo ƙafarsa ba.

Bari ka san Dotun tukuna. Saurayi ne mai tsabta, ga murya, ga haƙora. Abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne ɗan lokacin nan na ƙarshen rahoto, inda kyamara ke juyowa kansa, ya riƙe makirufo a ƙirji, ya ce, "Dotun Fatoki, daga Gidan Gwamnati." Don wannan yake aski, don wannan yake goge kwat. A ƙauyensu, mahaifiyarsa Iya Dotun, mai sayar da manja, takan rufe shago tun kafin magariba ta fito da talabijin baranda, maƙwabta su cika wurin. Ba labarai suke kallo ba, sun san babu labari a ciki. Jira suke a nuno shi, ta ɗaga yatsa ta ce, "Ga shi nan," sannan kowa ya tashi ya nufi gidansa. Wannan fuskar ita ce jarin Dotun, kuma don kada ya rasa ta ne ya aikata duk abin da za ka karanta.

Mataki na 1: Kada ka jira a gaya maka

Babu wanda zai rubuto maka cewa a cire Mataimaki. Masu mulki ba sa rubuta irin wannan, su ma suna da kunya daidai gwargwado. Kai ne za ka buɗe ido. Ka duba ko an matsar da kujerarsa ta ɗan yi nisa da ta Gwamna. Ka saurari makaɗa, ko sun zo kan kirarinsa sun yi tsalle sun wuce. Makaɗa sun fi mu sanin labari, mu dai muna da kyamara ne kawai.

Shi Dotun a bakin matakala ya samu nasa saƙon. Sakataren yaɗa labaran Gwamna, Oga Farinloye, ya tsaya yana gyara hularsa a gilashin mota, ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Dotun, jiya na kalli labaranku. Hoton ya yi cunkoso."

"Cunkoso, Oga?"

"Ta hannun dama."

Ya shiga mota ya tafi. Wawan ɗan jarida zai bi shi yana tambayar me ake nufi. Dotun bai bi shi ba. Ya tsaya ya tuna wanda ke tsayawa a hannun dama, sai ya tuna Cif Morakinyo, Mataimakin Gwamna, mutum mai tsawo da faɗi da fara'a, wanda ko jiya-jiya ya tsayar da shi ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa. Wannan tunanin na ƙarshe ba ya cikin matakanmu. In ya zo maka, ka bar shi ya wuce.

Mataki na 2: Ka shawo kan mai ɗaukar hoto

Kai baki ne kawai, ido yana hannun wani. Don haka ka ja mai kyamararka gidan abinci, ka sa a zuba masa amala da miyar ewedu, a ɗora nama biyu, ka bari ya kai loma ta uku kafin ka buɗe baki.

Namu sunansa Lasisi, dattijo ne, ya ɗauki hoton gwamnoni tun ana saka kaset a kyamara, Dotun kuma yana ce masa Egbon, wato yaya da Yarbanci. Dotun ya ce, "Egbon, daga gobe za mu riƙa ɗan matsawa hagu."

Lasisi ya lashe yatsa ya ce, "An fara ke nan."

"Ni ban ce an fara komai ba."

"To. Amma mutumin nan faɗinsa ya kai ƙofar gareji. Ina kake so in kai shi?"

"Ka matsa hagu kawai, Egbon."

"In na matsa yadda zai fita duka, kunnen Gwamna ɗaya zai bi shi."

"Gwamna yana da wani kunnen."

Lasisi ya yi dariya har ya ƙware, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Shi ke nan, ƙanena. Ni abin da aka ce in ɗauka nake ɗauka. Sai dai ka koya mini da kyau, don in hannuna ya saba da abu ba ya mantawa."

In naka mai kyamarar ya faɗi irin wannan magana, ka ɗauka yabo ne, ka sa a ƙaro masa nama.

Mataki na 3: Ka yi maganin agbada

A nan yawancin masu koyo ke faɗuwa. Fitar da mutum daga hoto abu ne mai sauƙi, rigarsa ce ba ta jin magana. Cif Morakinyo agbada yake sawa mai cin yadi kamar labulen coci, kuma yana da ɗabi'ar manyanmu ta tattaro hannun riga ya wurga a kafaɗa kowane ɗan lokaci. Sai ka gama saita hoto tsaf, Gwamna shi kaɗai kamar wata a sama, sai ga farin yadi ya shigo ta dama, fal, ya koma. Duk wanda ke kallo a jihar nan ya san rigar wane ce.

Akwai dabaru. Ka nemi ɗan sanda mafi tsawo ka roƙe shi ya ɗan matso gaba saboda tsaro. Ka sa a kawo tukunyar furanni. In ana rana, mai riƙe lemar Gwamna abokinka ne.

Amma babbar dabara ita ce wadda Dotun ya gano da kansa, kuma ya kamata a rubuta sunansa a kanta. Ya lura Iyaloja, shugabar matan kasuwa, ba ta fashin taro, kuma gwaggwaronta ya fi faranti faɗi. Sai ya je ya durƙusa ya ce, "Iya, mutane suna ƙorafi ba sa ganinki sosai a talabijin. Daga yau wurinki gaba ne, nan kusa da Mai Girma, ta dama."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Na daɗe ina cewa gidanku akwai baƙin ciki."

Washegari ta zo da ɗauri wanda sai da ta karkata kafin ta fito daga mota. Tun daga ranar, duk inda Mataimaki ya tsaya, abin da jiha ke gani shi ne gwaggwaro ruwan zinare, da ɗan tsinin hula yana leƙowa ta samansa. Ka ga an taimaki mace, an raya al'ada, an kuma rage cunkoso. Aikin jarida ke nan in ana yinsa da zuciya ɗaya.

Mataki na 4: Ka wanke shi daga baki

Ka san tsarin labaranmu. Ba a fara da abin da ya fi muhimmanci, ana farawa da wanda ya fi girma. Gwamna tukuna, ko da atishawa ya yi. Sai Mataimaki, sai matar Gwamna, sai Kakakin Majalisa, sai kwamishinoni bisa ga kusancinsu. In gada ta karye da mutane a kai, tana zuwa ne bayan waɗannan, kafin wasanni, in lokaci ya rage.

Yanzu gurbi na biyu ya zama fanko, sai ka cike shi. Abu mafi aminci shi ne ka sake sa Gwamna, daga wani ɓangaren fuskar. Babu wanda aka taɓa kora don ya nuna Gwamna sau biyu.

Sunansa kuwa, ka binne shi a cikin jimlar nan mai albarka: "da sauran manyan baƙi." Jimla ce mai faɗi, ta ɗauke sarakuna, ta ɗauke tsofaffin ministoci, za ta ɗauke shi. In ya tashi yin jawabi, Lasisi ya juya kan 'yan rawa, kai kuma ka ɗora muryarka a sama kana bayanin yadda jama'a suka yi farin ciki.

Wata rana wata sabuwar ma'aikaciya ta tambaya a taron safe, me ya sa aka cire Mataimaki daga labarai. Shugabar sashen labarai, Madam Ajibike, ta sauke tabarau ta dube ta, ta ce, "'Yata, a gidan nan ba ma cire kowa. Lokaci ne bai isa ba." A ranar mun nuna yadda aka yi wa shingen Gidan Gwamnati fenti, tun daga buɗe gwangwani har bushewa.

Mataki na 5: Ranar da Gwamna ya yi tafiya

Ga jarrabawar gaske. Gwamna ya tafi ƙasar waje duba lafiya, an riga an sa ranar buɗe rijiyar burtsatse a wani ƙauye, kuma tsari ya ce Mataimaki ne zai wakilce shi. Yanzu mutumin da ba ya nan shi ne babban baƙo. Babu Gwamnan da za ka fake da shi, Iyaloja kuma ta tafi biki.

Kada hankalinka ya tashi. Ka tambayi kanka, wa ke yanke ƙyalle? Almakashi. Wa ke zubo da ruwa? Famfo. To su za ka nuna.

Haka Dotun ya yi. Jiha ta ga almakashi, ta ga hannu ɗaya da ya riƙe shi, ta ga ruwa, ta ga yara suna tafi, ta ji murya tana cewa, "Mai Girma Gwamna, wanda ya samu wakilci, ya sake share wa al'umma hawaye." An gama taro ana shiga motoci, sai Cif ya yafito shi.

"Ɗana, zo mana. Yaya idon kyamararku? Na ji an ce ya ɗan karkace."

Dotun ya zube rub da ciki a cikin ƙasa, ya ce, "Baba, tsufa ne. Mun rubuta a sayo mana sabuwa."

"Allah ya kawo. Ka ga yau na ɗauro sabon agogo, tunda na lura shi kaɗai ke fita. Ya yi kyau a hoton?"

"Ya yi kyau ƙwarai, Baba."

"Madalla. Ka gaida Iya."

Ka lura da darasi biyu. Na farko, ka gaishe shi da cikakken ladabi, ladabi ba ya fitowa a talabijin. Na biyu, ka tabbata Lasisi ya kashe kyamara kafin ka kwanta.

Mataki na 6: In uwarsa ta zo

Za ta zo. Matarsa ba za ta zo ba, ta san abin da ake ciki. Magoya bayansa ba za su zo ba, suna can suna neman sabon ubangida. Uwa ce ke zuwa, don ita ba ta karanta jarida.

Ta Cif ta zo da hantsi, tsohuwa 'yar ƙarama da sanda, da kwandon lemo da direba ya sauke mata a bakin ƙofa. Mai gadi ya rasa yadda zai yi da ita, ya kira Madam Ajibike, Madam ta ce tana taro, aka tura Dotun.

Tsohuwa ta riƙe hannunsa ta ce, "Kai ne mai magana a ƙarshe. Na gane ka. Ɗana, ka gaya mini gaskiya, Morakinyo ba shi da lafiya ne kuke ɓoye mini? In na kira shi sai ya ce lafiya lau. Amma tun yana yaro haka yake, ko zazzaɓi na cinsa sai ya ce lafiya lau. Da kullum ina ganinsa, in ga ko ya rame ko ya yi ƙiba. Yanzu na daɗe ban gan shi ba."

A nan mai raunin zuciya zai ɓata aikin watanni. Dotun kuwa ya ce, "Iya, wane irin talabijin ne gare ki?"

"Ɗan ƙarami ne. Na kan kabad."

"To shi ne matsalar. Ƙaramin talabijin ba ya ɗauke kowa da kowa. Baba yana nan a gefe, masu babba suna ganinsa sarai."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ashe. Allah ya saka maka, ka sauke mini dutse daga ƙirji." Ta bar musu lemon ta tafi.

Ka sha lemon. Mayar da kyautar tsohuwa rashin tarbiyya ne.

Mataki na 7: Ka share baya

Gwani ba ya barin aiki rabi. Me amfanin ka ɓoye mutum yau, gobe wani ya jawo hoton bara ya saka? Ka shiga ma'ajiyar hotuna ka bi su ɗaya ɗaya. Uzuri yana nan a shirye: gidanmu kullum cikin ƙarancin wurin ajiya yake, dole a goge tsoho a zuba sabo. Ka dai tabbata tsohon da ake gogewa duk mai agbada ne.

Dotun bai bar ko ranar rantsuwa ba. Ya datse hoton har ya zamana Gwamna ya ɗaga hannun wani, amma wanin ba ya nan, kamar mai tsayar da tasi. Hoton Cif da ke rataye a zauren baƙi ma an sauke shi, ya bar farin tabo a bango, aka rufe da kalandar kamfanin siminti.

Oga Farinloye ya zo ya gani, ya dafa kafaɗar Dotun ya ce, "Kana da makoma." Ya faɗi gaskiya. Kowa ma yana da ita.

Mataki na 8: Ka riga labari isa

Ƙarshen irin wannan rigima a Majalisar Jiha ake yinsa. Za a sa ranar tsige Mataimaki, kuma kowa ya san sakamakon tun kafin a zauna, don Majalisa ba ta taɓa ba kowa mamaki ba. To me zai sa ka jira? Mota ɗaya gare mu, man janareta na awo ne, mai haɗa hoto yana tashi da la'asar. Ɗan jarida mai tsari da safe yake ɗaukar rahoton abin da zai faru da yamma.

Dotun ya sa sabuwar kwat, ya tsaya a ƙofar Majalisa tun masu shara ba su gama ba, ya dubi kyamara ya ce, "A wani zama mai cike da tarihi, Majalisar Jiha ta tsige Mataimakin Gwamna da gagarumin rinjaye, jama'a kuma sun yi na'am." Aka haɗa da tsohon hoton 'yan majalisa suna ɗaga hannu, da wani na mata suna rawa a bikin doya. Oga Farinloye ya kalla ya amince. Dotun ya kira Iya ya ce ta tara mutane da yawa, yau rahotonsa ne zai buɗe labarai. Daga nan ya tafi wurin aski.

Abin da bai sani ba, a daren da ya gabata 'yan majalisa sun samu labarin Gwamna ya gama zaɓen waɗanda za su gaje kujerunsu, kuma babu ko ɗayansu a ciki. Suka shiga zaure da takardar tsige Mataimaki, suka fito sun tsige Gwamna.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Ana kiɗa a titi, masu acaba suna ta hon, mai gadin gidanmu kansa yana rawa a bakin ƙofa. A ɗakin labarai kowa ya sani. Aka taru a kan Madam Ajibike, aka ce a cire rahoton Dotun.

Ta ce, "Wa ya ce a cire?"

Aka ce, "Madam, ki leƙa taga."

Ta ce, "Taga ce ke ba ni umarni? An kira daga Gidan Gwamnati?"

Ba a kira ba. Wayar Oga Farinloye a kashe, don shi ma yana can yana neman sabuwar hula. Ka kuwa san ƙa'idar gidan: ba abin da muka gani muke sawa ba, abin da aka amince da shi muke sawa. Ƙarfe bakwai na bugawa, jiha ta ga Dotun Fatoki, fes da shi, yana tsige mutumin da a daidai lokacin Babban Jojin Jiha ke rantsarwa a matsayin Gwamna.

Sa'ar da aka ci ita ce, Lasisi ya ji kiɗa ya bi, ya ɗauko rantsuwar. Da aka kunna da safe, sai ga Babban Joji tsaf a tsakiya, ga littafi mai tsarki, ga hannu ɗaya a kansa da sabon agogo. Sauran mutumin yana waje.

Madam ta ce, "Lasisi, me ka yi mana?"

Ya dubi hannunsa ya ce, "Madam, wallahi na so in juya dama. Ƙi ya yi."

Aka ruga ma'ajiya neman hoton sabon Gwamna. Aka samu gwiwar hannu, aka samu gefen agbada, aka samu gwaggwaron Iyaloja daga kusurwa iri-iri. Haka aka fitar da labaran rana da hoton hannu da agogo, aka rubuta a ƙasa: Mai Girma Gwamna.

Mataki na 9: In ya kira ka, ka kwanta

Zai kira ka. Kada ka gudu ƙauye, can ma nasa ne yanzu. Ka je da wuri, ka zube tun daga bakin ƙofa, ka bar goshinka a kan kafet har sai an ce ka tashi.

Dotun ya same shi zaune yana ɓare lemo da hannunsa. Cif ya ce, "Tashi, ɗana, za ka ɓata kwat. Ita ce ta jiya, ko? Ta yi maka kyau lokacin da kake tsige ni."

"Baba, kuskuren na'ura ne."

"Na sani. Na'urorinku suna shan wahala." Ya miƙo masa ɓarin lemo. "Mutane sun ce in kore ka. Na ce musu, ku dube ni da kyau. Yaron da ya iya ɓoye wannan jikin, a filin taro, da rana tsaka, ba yaron kora ba ne. Kana nan a Gidan Gwamnati, kai ne wakili, kai za ka riƙa karanta rahoto."

Dotun ya sake zubewa, yana godiya.

"Af, Mama ta ce a gaishe ka. Ta sa na saya mata babban talabijin, ya cika bango. Ta ce ka yi gaskiya, yanzu tana ganina."

Dotun ya fito yana jin kamar an sake haihuwarsa. A bakin matakala ya ga Oga Farinloye, wanda aka bar shi a kujerarsa, don irinsu ba sa faɗuwa, juyawa kawai suke yi. Yana gyara sabuwar hula a gilashin mota, yana magana da Lasisi ba tare da ya dube shi ba.

"Lasisi, ƙarshen rahotonku yana cunkoso."

"Ta ina, Oga?"

"Ta bayan makirufo."

Lasisi bai tambayi me ake nufi ba. An koya masa da kyau.

Mataki na 10: In taka uwar ta zo

Tun daga ranar, in rahoto ya zo ƙarshe, jiha tana ganin ƙofar Gidan Gwamnati, da makirufo, da hannun da ya riƙe shi, tana jin murya na cewa, "Dotun Fatoki." Bai daina aski ba, bai daina goge kwat ba. Ya roƙi Lasisi, ya kai shi gidan amala, ya sa nama uku. Lasisi ya ci ya ce, "Ƙanena, ni abin da aka ce in ɗauka nake ɗauka."

Iya Dotun ta yi haƙuri har ya ƙare, sannan ta hau mota ta zo da galan na manja. Ta same shi a bakin ƙofar gidanmu, daidai inda waccan tsohuwar ta tsaya. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ga bai rame ba, ta ce, "Dotun, me ka yi wa mutane?"

Ya buɗe baki, bai sami komai ba sai abin da ya saba. Ya ce, "Iya, talabijin ɗinki ne ƙarami."

Ta ce, "Haka na zata. Sai na je gidan mai gari na kalla a nasa babba. Can ma hannu ne, sai dai ya fi girma."

Ta ajiye galan, ta kamo hannun nasa ta juya shi, ta duba baya ta duba ciki, kamar yadda take duba shi in ya dawo daga wasa yana yaro.

Ta ce, "Maƙwabta ba su daina zuwa ba. In an nuno, nakan ce ga shi nan, don na san tabon nan na wuƙar fere. Amma ka riƙa shafa mai, ka yanke farce. Tunda shi ya rage, a gan shi da kyau."

Ba ni da dabarar da zan ba ka a wannan matakin. Ka karɓi manjan, ka raka ta tasha.

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai sa kowa ba, bai hana kowa ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari Mataimaki ya zama Gwamna, ko hannun mai kyamararsa ya ƙi juyawa, ko uwarsa ta koma nuna wa maƙwabta yatsu biyar tana cewa ɗanta ne, to tsakaninsa da ƙaddararsa, ba da ni aka yi ba. Alkawarin da na yi shi ne mutum zai ɓace daga talabijin, ban kuwa faɗi ko wane mutum ba. In ka dage sai ka zo ka same ni, ka tambayi Lasisi, zai nuna maka inda nake tsayawa: can gefe, daidai inda hoton ya ƙare.